Ƙwallon kasuwa mai ɗinki, lamba 4: za ta kai yara ƙarshen hutu?

Makarantun boko a Kamaru suna rufewa cikin watan Yuni, ba a komawa aji sai farkon Satumba. Kusan wata uku ke nan yaro yana gida, kuma hutun yana faɗowa daidai lokacin da aljihun mai gida ya fi ƙunci: hatsin bara ya ja baya a rumbu, na bana bai nuna ba, ga kuɗin taki, ga littattafai da kayan makaranta suna jira a gaba. Yaron da aka bari haka nan kuwa ba zama zai yi ba. Ko ya bi abokai bakin ruwa, ko ya maƙale a shagon wasan bidiyo, ko ya hana uwarsa sakat da roƙon waya.

Cikin duk abin da ake saya wa yara a Garwa, Marwa ko Ngaundere saboda wannan hutu, babu wanda yake ɗaukar yara da yawa a kan kuɗi kaɗan kamar ƙwallo. Yaro ɗaya da ake ba sefa 100 kullum ya je wasan bidiyo, cikin kwana 80 ya cinye sefa 8,000, shi kaɗai. Gida goma a layi ɗaya kuwa, kowa ya kawo sefa 500, an haɗa 5,000, kuɗin da za a tunkari mai kaya da shi a nemi ƙwallo mai ɗinki da ɗan famfo, yara goma sha biyu su samu abin yi safe da yamma.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwallon kasuwa da yawa ba sa ganin sati biyu. Iyaye su ɗora laifin a kan ƙafar yara, yara su ɗora a kan mai kaya. Galibi ba ƙafar ce take kashe ta ba. Abu uku ne: iskar da ta yi yawa, allurar famfo da aka cusa a bushe, da ƙaya. Hukuncinmu a kan ƙwallon ɗinkin inji mai lamba 4, wato matsakaiciya a girma, shi ne ta cancanci kuɗinta kuma tana iya kaiwa Satumba, amma da sharaɗin a zaɓe ta a gaban mai kaya, a saye ta tare da famfonta, a kuma damƙa ta hannun mutum ɗaya da zai kula da ita.

Iri huɗu da za ka tarar a rumfa

Ta farko ita ce ta roba zalla, marar ɗinki, mai sauƙi kamar balan-balan, wadda kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ga ɗan shekara uku zuwa biyar a tsakar gida babu kamarta, don ba ta jin ciwo, ba ta fasa tulu ko gilashi. A fili kuwa asara ce. Iska tana ɗauke ta, ƙaya ɗaya ta gama da ita, kuma ba ta karɓar faci mai ɗorewa. Wanda ya sayi guda biyar a jere cikin hutu ya biya kuɗin mai ɗinki bai samu mai ɗinkin ba.

Ta biyu ita ce wadda muke magana a kanta. Fatarta roba ce irin ta PVC, wani lokaci da ɗan soso a ƙarƙashi, an haɗa ɓangarorinta da keken ɗinki, a ciki kuma akwai robar da take riƙe iska. Mafi yawansu daga Sin ake kawo su.

Ta uku ɗinkin hannu ce, irin wadda garin Sialkot na Fakistan ya yi suna da ita, sau da yawa mai ɓangare 32: guda 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar. Zarenta ya fi kauri, ɗinkin ya fi nutsewa ciki, don haka ƙasa ba ta saurin cin zaren. Ta fi ta inji ƙarko nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta tsada. In ka ci karo da ita a gwanjo, fatarta ba ta tsage ba, tana riƙe iska, kuma kuɗinta ya yi kusa da na sabuwar ta inji, ɗauki ta gwanjon ba tare da dogon tunani ba.

Ta huɗu ita ce mai sheƙi wadda aka manna ɓangarorinta ba a ɗinka ba. Ita ce take jan idon yaro, don an kwaikwayi zanen ƙwallon manyan gasa, irin su Toghu ta kamfanin Umbro da aka buga gasar cin kofin Afirka da ita a Kamaru a farkon 2022, ko Al Rihla ta Adidas ta gasar cin kofin duniya a Katar. Ta asali da zafi ake haɗa ta a masana'anta, kuma kuɗinta ba na wasan layi ba ne. Ta rumfa gam aka shafa mata, rana ta buga, ruwa ya jiƙa, sai ɓangarorin su fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Ba a iya buɗe ta a gyara. Tambarin FIFA da aka buga a jikin ƙwallo mai araha bai nuna komai ba, fenti ne.

Dalilin lamba 4

Iyaye da yawa lamba 5 suke saya, wai yaro ya saba da ta manya. Kuskure ne. Lamba 5, bisa dokar wasa, kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, nauyinta giram 410 zuwa 450, kuma an yi ta ne don 'yan shekara 13 zuwa sama. Lamba 4 kewayenta santimita 63.5 zuwa 66, nauyinta giram 350 zuwa 390, ita ce ta 'yan shekara 8 zuwa 12. Lamba 3 ta ƙananan da ba su kai takwas ba ce. Tun da yaran layi a gauraye suke wasa, daga ɗan shekara bakwai har ɗan sha huɗu, lamba 4 ce take zama tsakiya: babban ba ya raina ta, ƙaramin ba ta fi ƙarfin ƙafarsa ba. Ƙwallon da ta yi wa yaro nauyi tana koya masa duka da tsinin yatsa, daga nan sai targaɗe da farcen da ya ɗaye, musamman ga masu wasa ba takalmi.

Kada a dogara da lambar da aka rubuta. A aro tef ɗin awo na tela a sa a aljihu kafin a fita kasuwa.

A gaban mai kaya

Yawanci a lanƙwashe ake kawo ƙwallayen nan cikin kwali, babu iska, an danne su watanni. Kada ka karɓi wadda ba a hura ba. Ka ce masa, "Alhaji, a hura mini ita nan in gani, in ta yi ba za mu ɓata ba." Mai kayan da ya ƙi, wuce rumfa ta gaba.

In an hura, auna kewayenta da tef sau uku ta fuskoki daban-daban. Bambancin da ya haura santimita ɗaya yana nufin ba ta zagaye ba, kuma ba za ta gyaru da wasa ba, ƙara karkacewa za ta yi. Gara ta a kan siminti mai laushi ka ga ko tana tafiya sak ko tana ɗingishi. Jefa ta sama tana juyi, in tana rawa a iska, robar cikin ta zauna a karkace ko wani ɓangare ya fi wani kauri.

Sai ɗinki, wanda shi ne ran ƙwallon. Sa manyan yatsunka biyu a gefe da gefen layin ɗinki ka danna kamar za ka raba su. Ɗan ganin zare ba laifi ba ne a ɗinkin inji. Abin gudu shi ne zaren ya fito fili kamar haƙora, ko ramukan allura su buɗe su yi tsawo, alamar yadin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin fatar bai da kauri. Ƙwallo mai kyau tana da shimfiɗar yadi har hawa huɗu, mai araha ɗaya ko biyu, kuma wannan yadin ne yake riƙe siffarta, ba fatar waje mai sheƙi ba. Duba kusurwoyin da ɓangare uku suka haɗu, nan ne take fara buɗewa. Sa'an nan ka nemo layi ɗaya da ɗinkinsa ya bambanta da saura. Inji yana ɗinke ƙwallo ne a juye, sai a juyo ta a sa robar ciki a rufe bakin ƙarshe da hannu. Wannan layin in an yi shi da gaggawa, shi zai fara sakewa.

Kankare fatar da farce a wuri ɗaya. Fenti ya ɗan fita ba komai, duk na kasuwa haka suke, cikin kwana uku a kan burji zanen zai tafi. Amma in fatar kanta tana ɓarewa kamar bawon albasa, ko ta yi tauri tana ƙara kamar busasshiyar leda, ta daɗe a rana, ajiye ta.

Bawul, wato ɗan ramin da ake hura iska, a ɗiga masa ruwan sabulu ko yawu a jira rabin minti. Kumfa ko da guda ɗaya ce, a canza. Daga nan a duba rubutun da yake kewaye da shi. In an rubuta butyl, wannan baƙar roba ce mai riƙe iska makonni, ita ake so. Robar latex kuwa ta fi daɗin bugu, amma tana sakin iska a hankali ko ba huji, sai an riƙa ƙara mata bayan kwana biyu ko uku, kuma duk shigar allura haɗari ne ga bawul. Tun da rubutu yana iya zama ƙarya, ka yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa in ta kwana ta yi laushi za ka dawo da ita da safe a musanya. Kada yara su taɓa ta a wannan daren, don da zarar ta taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Famfo da allura

Wannan ne wurin da mutane suke tsumulmular da take jawo asara. An sayi ƙwallo, an bar famfo, duk lokacin da ta yi laushi sai a aiki yaro wurin mai faci. Injin mai faci an yi shi ne don taya, kuma tayar babur tana shan iska wajen bar 2 a ma'aunin matsin iska. Dokar wasa ta ce ƙwallo tsakanin 0.6 da 1.1 take, ta kasuwa ma yawanci abin da aka rubuta a gefen bawul ɗinta bai wuce 0.8 ba, wasu ƙasa da haka. Daƙiƙa biyu na sakaci a bakin injin sun isa su miƙar da zare. Ba lallai ta fashe nan take ba. Za ta dawo gida da tauri kamar dutse, yara suna murna, bayan kwana kaɗan sai ka ga ƙulu ya fito a gefe ɗaya, robar ciki tana leƙowa ta inda ɗinki ya buɗe.

Ɗan famfon hannu ko famfon keke ya wadatar. A sayi allura biyu ko uku, don a gindin zaren dunƙulenta take karyewa, kuma ranar da ta karye wasa ya tsaya.

Sabuwar ƙwallo ga yadda ake hura ta. A warware lanƙwasarta da hannu, a riƙe ta bawul yana sama, a ɗan girgiza don robar ciki ta sauka ƙasa ta bar bakin allura. In ba a yi haka ba, allurar tana iya huda robar tun ranar farko, ka ce mai kaya ya cuce ka alhali hannunka ne. A jiƙa allurar da ɗigon gilisarin, irin wanda mata suke haɗawa da man shafawa, in babu a yi da ruwan sabulu. Ban da baƙin mai ko man inji, suna cin roba. A shigar da ita a miƙe, a hankali, ana ɗan murzawa. A hura zuwa rabi, a cire, a matsa ta ko'ina da hannu, a buga ta a ƙasa sau goma don robar ta zauna daidai, sa'an nan a ƙarasa. Allurar da aka cusa a bushe ko a karkace tana yage bakin bawul ko ta tura shi ciki gaba ɗaya, kuma wannan shi ne lalacewar da ta fi wuyar gyara.

Ma'aunin iska ba kowa yake da shi ba, amma akwai gwaji biyu. Babban mutum ya sake ta daga saitin kansa a kan siminti: ta dawo wajen cibiyarsa ko ɗan sama kaɗan, daidai ne. Ta kai kafaɗa, a rage. Na biyu, a danna da manyan yatsu biyu, ta lotsa kamar rabin santimita zuwa ɗaya. Ga yara gara ta ɗan yi laushi da ta yi tauri. A tuna kuma iska tana kumbura da zafi. Ƙwallon da aka cika da sanyin asuba aka bar ta tsakar gida ko kan kwano har azahar, matsinta ya ƙaru, fatarta kuma tana bushewa tana tsagewa. Wurin ajiyarta ɗaki ne, cikin inuwa, nesa da murhu.

Fili, ƙaya da ruwa

Hutun nan damina ce, ciyawa ta rufe ƙasa, abin da yake ƙarƙashi ba ya ganuwa. Ƙayar aduwa ita ce babbar abokiyar gaba, doguwa ce mai ƙarfi, tana ratsa fata da yadi da roba a shiga ɗaya. Bagaruwa, farar ƙaya da magarya suna biye, musamman inda aka yi shingen gona da rassansu. Tsidau da kashin yawo ba su cika kaiwa robar ciki ba, amma ƙafar yara suke ci. Kafin wasan farko a jera yaran kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan gefe zuwa wancan suna tsince ƙaya, kwalba, ƙusa da guntun kwano, a maimaita bayan kowane babban ruwa, don ruwa yana tono abin da yake binne ya kuma kawo sabo. A juya filin yadda bayan gola ba zai fuskanci shingen ƙaya ko titi ba. Ƙwallon da ta fita titi yaro yana binta ido rufe, 'yan acaba kuwa ba sa tsammaninsa.

Yashi da ƙasa mai laushi su suka fi dacewa da ita. Burji yana cin fatar a hankali. Kwalta, siminti da buga ta a jikin bango mai kaushi suna cinye zaren inji cikin 'yan kwanaki, tun da ɗinkinsa a sama-sama yake. Wannan babban rauninta ne, kuma wanda ba shi da fili sai siminti, gara ya nemi ƙwallon roba mai kauri irin ta wasan titi.

Rauni na biyu ruwa ne. Tana sha ta layin ɗinki, soson ciki ya jiƙe, ta yi nauyi, zaren ya fara ruɓewa in ta kwana a haka. Bayan wasa a taɓo a goge ta da tsumma mai ɗanshi, a kula kada yashi ya zauna a bakin bawul, a shanya a inuwa inda iska take kaɗawa. Ba a rana ba, ba a bakin wuta ba.

Maganar ruwa ta wuce ƙwallo. A Marwa yara sun saba wasa cikin yashin kogunan Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da rani, kuma babu filin da ya kai shi daɗi. Da damina a hana su sam. Ruwan da aka yi a duwatsun Mandara yana iya gangarowa ya cika kogin alhali ko ɗigo bai sauka a gari ba. A Garwa haka bakin Binuwai yake in ya cika, ga dorina. Ƙwallon da ta faɗa ruwa mai gudu a bar ta ta tafi, a faɗa wa yaran haka tun ranar farko, a kuma yi musu alkawarin ba za a doki kowa a kanta ba, don tsoron duka ne yake sa yaro ya bi ta. Kududdufi ma ba wurin shiga ba ne, nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanas, kada a tsaya shafa toka.

In ta huje

Nan ne mai ɗinki ta fi sauran, don tana gyaruwa. A fara da bawul: ruwan sabulu, in kumfa ta fito nan, sau da yawa ƙwayar yashi ce ta maƙale. A ɗiga gilisarin, a shigar da allura a fitar sau uku ko huɗu, a sake gwadawa. Da yawa suna warkewa a nan.

In ba bawul ba ne, aikin mai gyaran takalmi ne da mai faci, ko mutum ɗaya mai haƙuri. Nutsa ƙwallon cikin bokiti ba ya nuna wurin hujin, domin iskar tana bi tsakanin roba da fata ta fito ta kowane ɗinki da ta samu. Sai an buɗe. A sace iskar duka, a warware wancan layin rufin hannu, ko layi biyu zuwa uku masu haɗe da juna, kamar tsawon santimita 10 zuwa 12, nesa da bawul. Zaren kawai ake yankewa, kada reza ta taɓa fata. A jawo robar waje a hankali ba tare da an ɓalle ta daga inda aka manna ta a gindin bawul ba. A ɗan hura, a tsoma a ruwa, a yi wa wurin kumfa alama da biro. A busar, a goge da sanfefa har sheƙin ya tafi, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar har ya daina kama yatsa, sa'an nan a ɗora facin keke a danne sosai. Facin da aka ɗora kan ɗanyen sholisho ba ya zama. Gwangwanin sholishon kuma babba ne zai riƙe shi, ba a barin sa hannun yara.

Matakin da aka fi mantawa: a sa yatsa a shafa cikin fatar daidai wurin hujin. Tsinin ƙayar yakan karye ya zauna a ciki, in ba a cire shi ba zai sake huda robar a bugun farko. Sai a mayar da roba, a ɗinke da zaren nailan mai kauri da allura biyu, ana bin tsofaffin ramuka, ana ture robar gefe kada basilla ta same ta. A bar ɗinkin sako-sako har ƙarshe, sa'an nan a ja ɗaya bayan ɗaya a ƙulle a tura ƙullin ciki. A hura rabi, ta kwana, da safe a cika.

Wasu suna ɗura farin ƙwai da sirinji ta bawul. Yana iya toshe ƙaramin huji na 'yan kwanaki, amma yana toshe bawul ɗin ma, yana wari da zafi, kuma robar da ya shafa sai an wanke ta tas kafin ta karɓi faci. Ba mu ba da shawararsa ba. Akwai kuma ƙwallayen da aka naɗe robar cikinsu da zare ko aka manna mata yadi. Waɗannan faci ba ya kama su da kyau, in kuɗin gyara ya kai sulusin kuɗin sabuwa, a haƙura.

Ƙwallo ɗaya, yara goma sha biyu

Ƙwallon haɗin gwiwa rigima take kawowa in ba a tsara ba. A zaɓi gida ɗaya da za ta riƙa kwana, famfo da allura a hannun babba, uwa ko yaya, ba yaro ba. A tsayar da lokaci: da safe bayan an taso daga makarantar allo ko an dawo daga gona, da kuma bayan la'asar. Kiran magariba ya tashi wasa, don lokacin ne sauro yake fitowa, watannin nan kuwa su ne na zazzaɓi. Yaran da suke talla ko taya iyaye aiki a ba su wasan yamma, kada a cinye musu rabo.

Kada a zuba kowa a fili lokaci ɗaya, manya biyu za su riƙe ƙwallon sauran su yi ta gudu a banza. Huɗu da huɗu a fili mai taki 30 a tsawo, 20 a faɗi, gola taki uku da duwatsu ko takalma, minti goma a juya, minti goma a tashi. Yara sha biyu ƙungiya uku ke nan, biyu suna wasa ɗaya tana hutawa tana ba da alƙali. In sun kai sha shida, ƙungiya huɗu, kowa ya gamu da kowa wasa shida ne, gida da waje sha biyu, wato gasar sati biyu in ana buga ɗaya kullum. A ba su tsohon littafi su riƙa rubuta sakamako, maki uku ga nasara, ɗaya ga kunnen doki. Yaro yana tarawa yana ɗebewa bai san lissafi yake yi ba. Babba ne zai raba ƙungiyoyin, a sake rabawa bayan kowace gasa.

Yaran Garwa ba sa buƙatar a nuna musu wanda za su kwaikwaya. Vincent Aboubakar daga ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ya tafi Faransa a 2010, ya ci ƙwallo takwas a gasar Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya na Garwa, kuma da ka ya ci Barazil a 2022. Amma wannan bugun kan ne ake so a yi hattara da shi. Hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa bugun ka tun 2015 saboda lafiyar ƙwaƙwalwa. Da ƙwallon kasuwa mai tauri, balle in ta sha ruwa, dokar layi ta zama ƙananan ba sa sa kai. Yaron da ya bugu a ka ya yi amai, jiri ko barcin da ba a saba ba, asibiti za a kai shi a ranar.

'Yan mata suna da haƙƙi a kuɗin da gidajensu suka bayar. A ware musu lokacinsu, ko kwana biyu a sati, a tsakar gida mai faɗi ko filin makaranta. Masu son ta ƙafa su buga, 'yan ƙwallon matan Kamaru sun kai zagaye na biyu a gasar duniya a 2015 da 2019. Masu son jifa da cafe ko wasan kauce wa jifa, a rage mata iska sosai tukuna, don lamba 4 a cike tana lanƙwasa yatsa.

Abin da ba za ta yi ba shi ne ranar da aka wuni ana ruwa, kuma a Agusta irin ranakun nan suna da yawa. Dara a zaure da 'yan tsakuwa ko carafke suna cike wannan gurbin ba ko sisi. Don ranar da take wurin gyara kuwa, a sa yaran su yi ta tsumma tun kafin buƙata: a dunƙule ledoji kamar 20 zuwa 30 ɗaya cikin ɗaya ana matsewa, a cusa cikin tsohuwar safa, a murɗa bakin a juyo shi ya sake rufe dunƙulen, a yanka tsohuwar robar tayar keke siri-siri kamar faɗin yatsa a ɗaure ta ko'ina kamar raga. Ba ta tashi sama sosai, amma ƙaya ba ta yi mata komai, ita ce ma ta dace da filin da ba a gama tsincewa ba.